Kek Mai Tsinke Na Ranar Da Ummi Ta Cika Biyar

Masu karatu, waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "ke wace irin uwa ce", na gani, kuma duka na karanta. Ba zan rama ba. Ku zauna in ba ku labarin Asabar ɗin nan yadda ta faru, in kun gama sai ku ɗora zagin daga inda kuka tsaya, don wallahi ni ma ban gama zagin kaina ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yasira, shekarata ashirin da shida, a Yelwan Yauri nake a gaban Innata. Mijina Nasiru mutumin Warrah ne. Shekara huɗu ke nan da jirginsu ya kife yana dawowa daga cin kasuwar ƙetare, har yau ruwa bai ba mu gawarsa ba. Ya bar min ɗiya ɗaya tana rarrafe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi.

Ni ko Ummin ba na faɗa, yanzu ma da nake rubutawa sai da yatsana ya ɗan tsaya. Abu biyu suka haɗe min: 'yar fari ce, kuma takwarar surukata ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta sa baki a maganarsa. Ko wuta ya nufa, gyaran murya za ta yi wani ya je ya janye shi. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani, haka na yi. "Ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce "ke yarinya". Ita kuma Anti take ce min. Inna take kira Inna, a gadonta take kwana tun ranar da aka yaye ta.

Sana'ata cincin da donot da kek na biki. Wata rana Ummi ta dawo daga makaranta ta zaro wani ɗan farin tsinke daga aljihun yunifom, ta lashe shi tas, ta ɗaga min.

"Anti, yau an yi bikin haihuwar wata 'yar ajinmu. Kek ne amma dunƙulalle a kan tsinke kamar alawa. Ke ma kin iya?"

"Jeki wajen Inna ki cire yunifom," na ce mata ina ci gaba da murza fulawa.

Ta tafi. Tsinken nan kuwa kwana uku tana yawo da shi.

Bara da na ce zan yi mata ɗan kek, Inna sai da ta wanke ni tas, ta ce bidi'a ce da rashin kunya, wa ya taɓa ganin uwa na rawar ƙafa kan 'yar fari? Bana ina raɓe-raɓe na ɗauko zancen, na ce ai 'yan ajinsu ne suka dame ni. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Ki yi mata. Ki yi mai kyau."

Har ƙwan kajinta ta ba ni guda goma sha biyu. Ranar Juma'a ta kai yarinyar kitso, aka zizara mata lalle hannu da ƙafa. Da ina da hankali da tun nan na tsargu. Ni kuwa sai murna, wai Inna ta fara wayewa.

Sai maganar Basiru. Shi ne mai nemana, wata takwas ke nan. A kamfanin casar shinkafa yake aiki, bai taɓa aure ba, yana da 'yar motarsa ruwan toka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son shi. Mutum ne da in yana magana ba ya ɗaga murya, in ya zo zance sai ya riƙo wa Ummi biskit, ya ɗora ta kan bonet yana tambayarta A, B, C. Da bakinsa ya ce min ɗiyata ɗiyarsa ce. An kawo gaisuwar iyaye, an ce biki sai bayan Sallah. Shi ya sayo min cakuletin narkawa daga Birnin Kebbi, fari da ruwan ƙasa, da 'yan ƙwayoyin ado masu launi-launi a ƙaramar roba.

Asabar tun da na idar da sallar asuba na hura gawayi. Ba ni da obin, a tukunya nake gashi. Na zuba yashin bakin ruwa a gindin babbar tukunyar, na ɗora ta ya ɗau zafi, na zaunar da gwangwanin kwaɓi a kai na rufe, na zuba garwashi bisa murfin. Kek ya tashi ya yi kyau, ja-ja-ja, irin wanda da na biki ne sai na ɗauke shi hoto. Da ya huce na juye shi a baho na sa hannu na fara marmashewa.

Ummi ta ƙwalla ƙara. "Wayyo Anti kin ɓata!"

"Ke, rufe min baki. Haka ake yi."

Ta tsuguna kusa da ni har gwiwarta na taɓa ƙafata, tana kallon bahon kamar za ta yi kuka. Sabuwar rigar leshi ce a jikinta ruwan hoda, tun safe ta ƙi yarda a cire. Na saci kallon ƙofar Inna, na ga labule a sake, na gutsuro ɓawon gefe mai daɗin nan na tura mata a baki. Irin satar da nake yi ke nan shekara biyar.

Na zuba bota da madarar gwangwani a garin kek ɗin na cakuɗa, na fara mulmulawa kamar ƙananan dawo. Tsinken tsire na saya wajen mai naman bakin titi, na zauna da reza na datse kan kowanne na goge, kada ya soki ɗan wani a ganɗa. Na farko da na soka, ina ɗagawa ya sulale ya zo har yatsana. Na biyu ya rabe gida biyu ya faɗi ƙasa, kaza ta yi gaba da rabi.

Dole na leƙa ta katanga na kira Rachel. Maƙwabciyarmu ce, nas ce, ita ke da firji mai sola, kuma ita ta nuna min yadda ake abin a wayarta. Ta shigo da zanin gida ɗaure a ƙirji, ta matsa ɗaya tsakanin yatsunta ta kwashe da dariya.

"Yasira, kek kike yi ko man shafawa? Kin cika hannu da bota. Kawo biskit mu daka mu ƙara. Kuma ba a soka tsinke haka gayansa, sai kin tsoma kansa a cakuleti, shi ke riƙewa. Sannan su shiga firji su yi tauri."

"To malama."

"Kuma ki kiyaye, in kina narka cakuleti ko ɗigon ruwa ɗaya kada ya shiga. Yana shiga ya dunƙule, sai zubarwa."

Muna cikin sake mulmulawa Inna ta fito da buta. Ta tsaya a kanmu.

"Nawa kinka yi?"

"Ashirin da biyar, Inna."

"Ƙara goma. Baƙi na tahe daga Warrah, Dudu da Magaji."

Dudu ita ce mahaifiyar Nasiru, sunan da ake sakaya mata ke nan. Magaji ƙaninsa ne, mai kamun kifi. Bayan na fita takaba ya turo a ce yana so ya maye gurbin ɗan'uwansa, na ce a ba shi haƙuri. Ba don yana da aibu ba. Ba zan iya sake zaman jiran wanda ya shiga ruwa ba ne, kuma muryarsu ɗaya da marigayi.

Har na ji daɗi, wai kakarta za ta zo ta ga bikin. Na ƙara goma, Rachel ta ɗauki faranti ta kai firjinta.

Wajen sha ɗaya waya ta yi ƙara. Basiru ne.

"Ranki ya daɗe, ya aiki? Ni zan ɗauko su Dudu a tasha."

"Kai ma ka san da zuwansu? Ni ce ta ƙarshen ji ke nan."

"Inna ta faɗa min. Yasira, ki zama mai haƙuri yau."

Na ɗauka zafin gari yake nufi da hayaniyar yara. Na tura masa fuskar dariya har uku, na ce ya taho da ƙanƙara.

Bayan azahar na ɗora ruwa ya yi zafi, na ɗora kwanon silba a bakin tukunyar na zuba cakuleti yana narkewa a hankali. Sai na tuna ban tanadi inda zan kafa su su bushe ba. In ka kwantar da su gefe ɗaya zai baje. Dabara ta zo min, in cika babban kwano da ɗanyar shinkafa in dinga soka tsinkayen a ciki. Buhun shinkafarmu a ɗakin Inna yake, bayan ƙofa. Tana banɗaki, na shiga da kwano.

Na jawo bakin buhun sai wata sabuwar jaka baƙa ta faɗo daga bayansa. Ban santa a gidan ba. Zif ɗin bai gama rufewa ba, ga hannun rigar yunifom ya leƙo.

Na buɗe. Yunifom ɗinta biyu a goge. Hijabin Islamiyya. Kayan Sallar bara da na bana da ba a kai ga sawa ba. Takalmin makaranta an cusa safa a ciki. Kofinta mai hoton kyanwa. A aljihun gefe katin rigakafinta da takardar haihuwa da sakamakon jarabawa, an naɗe su a leda an ɗaure da zare.

Masu karatu, wanda zai je hutu ba a haɗa masa da takardar haihuwa.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji muryar Inna a kaina.

"Mi kike biɗa cikin kayan da ba a aike ki ba?"

"Inna, mene ne wannan?"

"Kayan yarinya na. Yau za su tahi da ita."

"Su tafi da ita ina? Har yaushe?"

"Gidan ubanta. Har yaushe kuma? Ɗiya ta koma gidansu ana tambayar har yaushe?"

"Ba wanda ya faɗa min."

Ta ajiye butar ta dube ni. "Kada ki yi mani ƙarya ina tsaye. Ran da Magaji yaz zo da kifi, ban kira ki ba? Ban ce maki ga shi ya taho kan maganar yarinya ba? Mi kinka ce?"

Sai na tuna. Sati uku da suka wuce ne. Magaji na zaune kan tabarma, ga kwalin busasshen kifi a gabansa. Inna ta kira ni na durƙusa daga bakin ƙofa. Da ta ce maganar yarinya ce, na sunkuyar da kai na faɗi abin da kowace mai kunya ke faɗa.

"Ni mene ne nawa a ciki, Inna? Ai taku ce."

Na tashi na koma kan cincin ɗina. Ko tsayawa in ji wace magana ce ban yi ba, don tsayawar ma rashin ta-ido ne. Na ɗauka hutun makaranta suke so ta je.

"Inna, ai kin san faɗa kawai na yi. Kin san haka ake cewa."

"Na sani. Amma gaban mutane kinka hwaɗi, munka yanke magana a kai."

"To ko aure na yi ba sai ta zauna wajenki ba? Ke kika raine ta!"

Nan ta zauna bakin gado. "Kina ganin ni daɗi nika ji? Shekara ukku ƙahwarta na bisa cikina in muna kwana. Amma uwar Basiru ta ce ba ta yarda da agola ba, ko a gida ko a gari ɗaya, wai hankalinki rabuwa za shi yi. Ƙannenki biyu sun yi aure kina nan gabana kina suyar cincin. Ita ko Dudu, ke kin san ko kabarin ɗanta ba ta da shi. Yarinyar ga kaɗai ta rage mata. In hana ta in ce mi?"

"Basiru ya sani?"

"Shi za shi kai su har Warrah."

Na miƙe. Na ɗebi shinkafar kuwa, don hannuna bai san abin da zai yi ba in ba wannan ba. Ina fita ta ce, "Yasira, ki kama kanki gaban surukarki. Kada ki ba ni kunya."

Na koma kicin na kira Basiru sau huɗu bai ɗauka ba. Na rubuta masa.

"Ka san yau za a tafi da ita?"

Ya karanta. Ina ganin alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya.

"Na sani. Na yi iya ƙoƙarina da Hajiya, ta ƙi. Warrah ba nisa, duk wata zan kai ki."

"Kai ka ce min ɗiyarka ce."

"Har yanzu haka ne a zuciyata. An ce min kin amince, Yasira. An ce da bakinki kika ce tasu ce."

"Shi ya sa ka sayo cakuleti?"

"Na so ta tafi da farin ciki."

Na kifa wayar a kan buhun gawayi. Rachel ta shigo da faranti, ƙwallayen sun yi tauri, kowanne da tsinkensa. Ta dubi fuskata ta ce lafiya? Na ce hayaƙi ne. Ba ta yarda ba, amma ba ta matsa ba, ta tafi hura balan-balan.

Talatin da biyar ɗin nan ni kaɗai na tsoma su. In kama tsinke, in nutsa a cakuleti, in juya, in ɗan bubbuga a bakin kwano rarar ta zube, in barbaɗa ƙwayoyin ado tun bai bushe ba, in kafa a shinkafa. Fuskata a karkace nake aikin, ina goge ta da kafaɗa, saboda Rachel ta ce ko ɗigo ɗaya kada ya shiga. Huɗu sun tsage don sun yi sanyi da yawa, na sake tsoma su. Ina yi ina tsara maganar da zan faɗa wa Dudu, in na kai tsakiya sai in ji ba zan iya ba. A gaban surukata in buɗe baki in ce ina son ɗiyata? Ban taɓa jin macen da ta yi haka a danginmu ba.

Ummi ta leƙo, idonta ya sauka kan kwanon, ta dafe baki da hannu biyu.

"Anti! Sun fi na 'yar ajinmu kyau! Duka nawa ne?"

"Duka naki ne."

"Inna ta ce yau zan shiga motar Kawu Basiru in je in ga babban ruwa da jirage. Gobe in dawo."

Gobe. Haka suka ce mata. Na ce ta je ta wanke hannu.

Ana idar da la'asar suka iso. Dudu ta rame ƙwarai, da sanda take tafiya yanzu, atamfarta ta koɗe amma a goge. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta sa min albarka. Da aka tura mata Ummi sai ta saki sandar ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana shafa girarta.

"Nasiru na. Wallahi Nasiru na, har goshin."

Ta fashe da kuka, Magaji ya juya baya yana kallon katanga. Na so in tsane ta a lokacin, na kasa, kuma wannan ya fi komai ci min rai.

Yara sun kai ashirin a kan tabarmi biyu. Rachel ta ja musu waƙa suna tafi, Ummi a tsakiya da hular takarda, tana zaro kek daga shinkafa tana miƙa wa kowa da hannun dama kamar yadda aka koya mata. Zafin Yauri bai raga musu ba, kafin a kai rabi cakuleti ya fara naso, yara suka yi dumu-dumu har gwiwar hannu. Basiru na tsaye bakin zaure cikin farar shadda yana ɗaukar hoto, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Ni ina ƙofar kicin, inda ya dace uwar 'yar fari ta tsaya. Goman da Inna ta sa na ƙara na ƙulla su a leda ɗaya-ɗaya da hannuna, tsarabar yaran Warrah.

Biyar da rabi Magaji ya ce su kama hanya kada magariba ta riske su. Inna ta shiga ɗaki ta fito da baƙar jakar ta miƙa wa Basiru. Rachel ta ga jakar, ta dube ni, sai a lokacin ta gane. Ta taho za ta yi magana na girgiza mata kai.

Suka fita. Inna ce ta riƙe hannun Ummi. Ban raka su ba, uwa ba ta rakiyar ɗan fari. Ina tsaye ina kankare busasshen cakuleti daga kwano da cokali. Na ji an buɗe but ɗin mota an rufe. Na ji ƙofa ɗaya, na ji ta biyu.

A ta uku na saki kwanon.

Ba mayafi, ba takalmi, zanin aiki duk fulawa, haka na ratsa yaran mutane na faɗa waje. Ga maƙwabta, ga iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu, ga 'yan kabu-kabu a gindin dalbejiya. Ummi na kujerar baya kusa da Dudu, Magaji a gaba. Na buɗe baki, sunan da ban taɓa furtawa ba ya fito da ƙarfin da ni kaina na tsorata.

"Hafsatu!"

Unguwa ta yi tsit. Dudu ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe fuska, don sunanta ne na kira gatsal a tsakiyar titi. Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Inna ta dafe ƙirji.

"Yasira! Haukacewa kinka yi?"

"Hafsatu, fito. Ba inda za ki."

Ummi ta dube ni. Sannan ta juya ta dubi Inna, tana jiran ta ji abin da za ta ce. Na kama gilashin motar.

"Ni nake miki magana. Ni ce uwarki, ni na haife ki. Fito."

Sai ta yi dariya, irin ta yaron da aka yi wa wasa. "Inna, ji Anti wai ita ce uwata."

Ba wanda ya taya ta dariyar. Ni na yi wannan, masu karatu. Ba Inna ba, ba Basiru ba. Shekara biyar ina koya mata cewa ni ba kowa ba ce, ta kuwa haddace.

Dudu ta buɗe fuskarta. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi.

"Ɗiyata, na yahe maki sunan. Amma an ba ni yarinyar ga gaban shaidu, ba ni komawa Warrah hannu wohi, sai dai a kai gawata. In ba ki iya rabuwa da ita, ɗakin Nasiru na nan ba a sa kowa ba. Ga Magaji, har yau bai canza magana ba. Ki taho ki riƙa ɗiyarki da hannunki."

Magaji bai juyo ba. Basiru ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Inna ta matso daf da ni ta rage murya. "Ki koma cikin gida. An sa ranarki. In kinka sa ƙahwa cikin motar ga, ki nemi wata uwar, ba ni ba."

Na tsaya. Ƙafata na ƙonewa a kan ƙasa. Sai na ji an taɓa min hannu ta taga. Ummi ce, ta zaro wani kek daga cikin jakarta ta makaranta, ba leda, ya narke ya baje gefe guda, zaren jaka ya manne masa, ya kusa sulalewa daga tsinken.

"Anti, daina kuka. Ga naki, na ɓoye miki tun ɗazu. Ke ba ki ci ko ɗaya ba."

Na karɓa. Na buɗe ƙofar na shiga na zauna na jawo ta na rufe. Na ɗago Ummi na ɗora ta a cinyata a gaban surukata da uwata da duk mutanen unguwa, ta yi tsuru tana kallona don ba ta saba ba. Ta gilashi na ga Inna ta juya ta shige zaure, ba ta waiwayo ba.

Basiru ya dube ni ta madubi, idonsa ya yi ja.

"Yasira, in na tayar da motar nan kina ciki, shi ke nan tsakaninmu. Kin sani ko?"

Cakuleti na bin yatsuna yana ɗiga kan leshin Ummi. Na ƙara matse ta a jikina.

"Na sani," na ce. "Tayar."